Dutsen guga ko na'urar tururi: yadda ake zaɓa da yadda ake aiki da kowanne

Shekarar da na'urar tururi ta shigo shagona, sai da ta sa na biya kuɗin bugu daga aljihuna. Wani Alhaji ne ya kawo babbar riga ta shaddar rini, an sha mata ƙaro an buge ta tana ɗaukar ido, aikina kawai in gyara masa wuya. Saura kwana biyu ƙaramar Sallah. Na fita sayen zare a babbar kasuwa, yarona ya ga sabon abu a shago, ya rataye rigar ya bi ta da tururi tun daga kafaɗa har ƙasa, wai yana taimakona. Yamutsewa kam ta tafi. Amma ta tafi da ƙyallin, ta tafi da taurin nan da ke sa shadda ta riƙa amo in mai ita yana tafiya. Riga ta yi laƙwas kamar an tsamo ta daga Gulbi.

Da Alhaji ya zo, ya ɗaga ta ya juya, ya ce, "Malam tela, wagga ba rigata ba ce."

Na ce, "Ita ce, Alhaji. A yi haƙuri, gobe da la'asar a aiko yaro."

Na kai ta wajen masu bugu, aka sake ta daga farko. Tun daga ranar na daina yarda da masu cewa sitima, kamar yadda ƴan kasuwa ke kiran na'urar, ta zo ta kori dutsen guga. Aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya gane bambancin ba zai yi asarar kuɗinsa ko kayansa ba.

Abin da ke faruwa a cikin zare

Zaren auduga, in ya jiƙe ko ya ji ɗumi, sassansa na ciki suna saki. In ya bushe, sai su sake kama juna a yadda suka tsinci kansu. Shi ya sa rigar da aka matse aka shanya take bushewa a cukurkuɗe, shi ya sa kuma bayan kaftani ke yamutsewa in ka yi gumi a kan babur. Guga ba komai ba ce illa ka sake sakin zaren, ka miƙar da shi, ka busar da shi a miƙe.

Dutse yana da zafi, yana da nauyin danni, in ka yayyafa ruwa ga laima, sannan yana busar da wurin nan take. Ƙasansa yana kaiwa digiri 200. Sitima kuwa tururin tafasasshen ruwa take fitarwa, wajen digiri 100, ba ta danna komai, ba ta busar da komai. Tana sassauta zare ne kawai, nauyin rigar da hannunka su ja shi ya miƙe. Don haka ba za ta taɓa fitar maka da karin wando ba, ba za ta kwantar da ƙwalar riga ba, kuma duk abin da aka yi wa sitati ko ƙaro, tururi narkar da shi yake yi. Amma wannan rashin dannin shi ne alherinta: da wuya ta ƙona tufa, ba ta sa baƙin yadi sheƙi, ba ta narkar da duwatsun abaya.

Mataki na farko: buɗe akwatinka kafin ka buɗe aljihunka

Fito da kayan da ake sawa a gidan a sati guda, ka raba su kashi biyu a kan tabarma. Gefe guda shadda, atamfa, kaftanin yadi, wando mai kari, kayan lakkol na yara, zanen gado, duk wani abu na auduga ko lilin. Ɗaya gefen kuma abaya, mayafi, hijabi mai santsi, leshi mai duwatsu, doguwar riga mai tattara, siliki, karan-miski, kwat, labule. Tulin farko na dutse ne, na biyu na sitima.

A mafi yawan gidajen da na sani a Maradi, tulin farko ya ninka na biyu. To wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya sayi dutse, magana ta ƙare. Dutse zai iya goge abaya in an yi hattara, sitima kuwa ba za ta iya gugar shadda ba ko da an kwana ana yi. Wadda ta fi buƙatar sitima ita ce Hajiya mai butik, wadda ake kawo wa dilar abaya daga Dubai a danne kamar an taka su da mota, ga shi tana son ta rataye talatin kafin masu saye su zo. Sai mai sayar da gwanjo, sai mai kwalliyar amare, sai ma'aikacin da ke yawan zuwa Yamai ko Damagaram da kwat a jaka.

Duba kuma ɗan ƙyallen da ke cikin wuya ko gefen riga, in kayan kanti ne. Hoton dutse mai ɗigo ɗaya yana nufin kada zafi ya wuce digiri 110, ɗigo biyu 150, ɗigo uku 200. In an soke hoton dutsen da gicciye, ba a goge kayan sam. In layukan da ke ƙarƙashin dutsen ne kawai aka soke, to a goge amma ban da tururi. Kayan da tela ya ɗinka ba su da wannan alama, sai dai ka gwada a cikin lafin ƙasa, inda ba a gani.

Mataki na biyu: yi lissafin wutarka

Nan ne mutane ke faɗawa rami. Dutsen lantarki marar ruwa yakan ci wat 1000 zuwa 1200. Mai tururi yakan kai 1600 zuwa 2400. Sitimar hannu tana tsakanin 1000 da 1600, babba mai tsayuwa da sanda da tiyo kuma 1500 zuwa 2000. Kada ƙanƙantar sitima ta ruɗe ka, tafasa ruwa take yi, tafasa ruwa kuwa cin kuran ne. Abu mai wat 1000 in ya yi awa guda a kunne ya cinye kilowat ɗaya a mita. Sai dai dutse yana hutawa: in ya kai zafin da ka saita, ƴar fitilarsa ta mutu, ya daina jan wuta har sai ya ɗan huce. Sitima muddin tururi na fita tana ja. Abin da ke rama mata shi ne sauri, riga ɗaya minti biyu ko uku.

Ƙaramin gurup ɗin nan, wato injin wuta, mai wat 650 zuwa 900 ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu, za ka ji ya yi gurnani ya shaƙe. Mai sola kuma ya duba ƙarfin inbatarsa da batir ɗinsa tukuna. Akwai ƙananan duwatsu masu aiki da bolt 12 da ake sayarwa don sola, suna rage zafi a kan kayan yara da yadi marar kauri, amma ba su da ƙarfin shadda.

Wutarmu ta bolt 220 ce. In wani ɗan'uwa ya aiko maka da sitima daga Amurka, karanta gindinta kafin ka jona: in an rubuta 110 ko 120, jonawa ɗaya za ta ƙone. Kayan da ke shigowa daga Kano ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa kuma yawancinsu da kai mai ƙafa uku masu kusurwa suke zuwa, irin na Ingila, alhali bangon gidajenmu ramuka biyu zagayayyu ne irin na Faransa. Ƴar mahaɗar robar nan mai arha ba ta jure wat 2000, na ga wadda ta narke ta manne da bango. Gara a kai wa mai gyaran wuta ya yanke kan ya sa mai kyau. Haka ralonj, wato wayar ƙarin tsawo, in siririya ce: in ka taɓa ka ji ta yi ɗumi, cire.

Mataki na uku: a gaban mai kanti

Kar ka biya sai an jona a gabanka. Dutse, ɗaga shi ka ji nauyinsa. Ni dai na fi son mai nauyi marar ruwa, domin nauyin ne ke yi maka rabin aikin a kan shadda, ga shi ba shi da ramukan da za su toshe. Juya maɓallin zafin zuwa ƙasa, ka jira ka ji ya yi "ƙas" fitilar ta mutu. In ba ta mutu ba, mai kayyade zafinsa bai da lafiya, wata rana zai cinye maka riga. Shafa ƙasansa tun yana sanyi, kada a sami kaushi ko karce. Duba inda waya ta shiga jikinsa, nan take fara tsinkewa.

Sitima kuma, a zuba ruwa a kunna. Ta hannu mai kyau ba ta wuce minti ɗaya ta fara fitar da tururi. Lura ko tururi ne zalla ko tana tofar da ɗigon ruwa bayan ta gama ɗaukar zafi, mai tofi za ta ɓata maka siliki. Tambayi girman tankin: na hannu yawanci bai wuce kofin shayi babba ba, riga uku ko huɗu ya ƙare, na tsaye kuwa yana ɗaukar lita ɗaya da rabi ko biyu. Mai butik ta sayi ta tsaye. Ta hannu tana gajiyar da tsintsiyar hannu in kaya sun yi yawa.

Dutse mai tururi shi ne tsaka-tsaki, kuma ga mai gida guda yana iya zama mafita, tunda wasunsu suna harba tururi ko a tsaye aka riƙe su. Aibinsa shi ne yoyo. In ka kunna tururi alhali zafin yana ɗigo ɗaya, ruwa zai zubo maimakon tururi.

Mataki na huɗu: gugar dutse

Shimfiɗa tukuna. Teburin guga na kanti ya yi wa babbar riga kaɗan, shi ya sa masu wanki da guga ke amfani da faffaɗan tebur ko ƙasa mai siminti. Ninka bargo biyu, ka rufe shi da farin zanen auduga wanda ba ya zuba. Kada a yi a kan katifar soso ko tabarmar roba.

Sai laima. A hunturu kaya suna bushewa ƙarau kamar ganda, in ka ɗora dutse a haka wahala kawai za ka sha. Yayyafa ruwa da yatsu ko da ƴar kwalbar fesawa, ka naɗe rigar, ka ajiye ta minti goma ko sha biyar ruwan ya ratsa ko'ina. Mafi sauƙi ma ka kwashe shanya tun da sauran ɗan sanyi a jikinta. In za a sa sitati, a bar shi ya shige cikin zaren kafin dutse ya hau, in ba haka ba zai manne a ƙasan dutse ya yi ja, ya bar maka tabo.

Da dutsen lantarki, fara da kayan da ke son ƙaramin zafi, ka ƙare da auduga. Dutse yana saurin ɗaukar zafi amma yana jinkirin hucewa, wanda ya gama shadda ya juyo kan hijabi nan take, ya san ƙaurin da nake nufi.

Kaftani: juya aljihu waje ka goge su, sai wuya ta ciki da ta waje, sai hannuwa, sai gaba, sai baya. Bi tsawon zare, kar ka riƙa murza dutse a zagaye, yana buɗe yadi. Kewaye maɓalli da hancin dutse. Wando kuma, goge ƙugu da aljihu, sannan ka haɗa ɗinkin ciki da na waje na ƙafa ɗaya su hau kan juna daidai, ka kwantar, ka danna karin. Danna, ɗaga, matsa gaba, danna. In ka ja dutsen za ka fitar da kari biyu, kuma babu abin da ke tona asirin mai gaggawa kamar wando mai kari biyu. Baƙin yadi da shuɗi mai duhu, ɗora farin ƙyalle mai ɗan laima a kai, ko ka juya bai, don kada ya yi sheƙi irin na tsohon wandon ɗan makaranta. Sheƙin nan in na roba ne ya narke, ba ya komawa.

Babbar riga ita ce sarauniyar aikin, ba a yi mata garaje. Fara da wurin aiki, wato ɗinkin wuya da aljihu. Kifa shi a kan tawul mai kauri, ka goge ta baya, zaren aikin zai nutse cikin tawul ya fito a tashe maimakon ya kwanta ya mutu. Sannan jikin rigar, fuska ɗaya bayan ɗaya, kana turawa gaba abin da ka gama don kada ka hau kansa da gwiwa. Daga nan sai ninki: haɗa gefe da gefe, danna, sake ninkawa, danna, har ta zama murabba'i. Waɗannan layukan ninkin da ke fitowa in an warware riga ranar Juma'a ai su ne adon, su ke nuna riga ta ga hannu. Sitima ba ta san da su ba, share su ma take yi.

Sabuwar shadda mai maiƙo, irin Getzner da ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, goge ta ta baya, kuma kada a cika mata ruwa. Wadda aka yi wa ƙaro da bugu kuwa, in dai ƙyalli ake so, a mayar wa masu bugu. Sandunansu a kan gungume suna danne zaren ne har ya yi santsi ya riƙa mayar da haske, dutse sai dai ya kwatanta.

Atamfa ba ta da rigima: ta baya, da laima, ɗigo uku. Leshi mai duwatsu, in ba sitima, a kifa a kan tawul, ɗigo ɗaya, ƙyalle a sama, domin yawancin duwatsun da gam aka liƙa su. Rigar ƙwallo da duk mai rubutun roba, dutse ba ya taɓa rubutun.

In ka gama, kar ka sa rigar nan take, kar kuma ka cusa ta a akwati tana da ɗumi. Ba ta minti biyar ta huce.

Dutsen gawayi

Wani Ba'amurke ɗan birnin New York mai suna Henry Seely ne ya yi rajistar dutsen lantarki a 1882, amma shekara ɗari da arba'in da wani abu bayan haka, dutsen gawayi bai bar Maradi ba, kuma duk wanda ya taɓa zaman jiran wuta a watan Afrilu ya san dalili. Yana da nauyi, yana da zafi, ba ya tambayar mita. Ƙwararren mai guga da shi yana fitar da shadda fiye da yadda wani zai yi da dutse mai tsada.

Hura gawayin a murhu daban har ya kama ya daina hayaƙi, sannan ka ɗebi garwashi ka zuba kamar rabin cikin dutsen. Gawayi mai ƙarfi, irin na ƙirya da maƙera ke so, ya fi daɗewa. Rufe, ka tabbatar makullin ya kama sosai, don in ya buɗe a tsakiyar aiki garwashi a kan riga zai zube. Yi masa fifita ta ramukan gefe, ka fita da shi waje ka busa tokar, ka goge ƙasansa da tsumma, ka gwada a kan tsohon farin ƙyalle. In ya bar ja, ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma ya sauka.

Shi tsarinsa a juye yake da na lantarki. Da zafi yake farawa yana hucewa, don haka shadda da atamfa ne farko, masu laushi daga baya. Duk bayan riga biyu ko uku a sake busa toka. Abaya da hijabin roba kuwa ni ba na kusantar da su gare shi, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda mayafi, ƙaramin rami mai baƙin baki wanda ba ya ɗinkuwa. Kuma a yi a tsakar gida ko zaure mai iska. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, a rufaffen ɗaki tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kisa.

Mataki na biyar: aiki da sitima

Zuba ruwa tun ba a jona ba, kada ya wuce layin da aka zana. Rataye rigar a hanga, a wurin da za ka iya zagaya ta, nesa da bango mai fenti da ƙofar katako mai sheƙi. Kunna, ka juya bakin gefe har tofin farko ya wuce tururi ya daidaita.

Kama ƙasan rigar da hannun hagu ka ja ta a hankali ta miƙe. Wannan jan shi ne ke maye gurbin nauyin dutse, wanda bai ja ba zai ce na'urar ba ta aiki. Ɗora bakin sitima a jikin yadin, ka sauko daga sama zuwa ƙasa sannu a hankali, kamar mai shafa fenti. Siliki da karan-miski da mayafi mai shara-shara, bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu da bakin. Inda yamutsewa ta yi taurin kai, shigar da bakin ta cikin rigar ka turo tururin waje, ya fi ratsawa. Wurin duwatsu da ado, ta baya. Tattara kuma, riƙe ta a yadda tela ya kama ta, ka bi layinta.

Riƙe na'urar a tsaye. Ta hannu in ka kifa ta, tafasasshen ruwa zai zubo. Ta tsaye kuma in ka ji tiyon yana ƙugi, ruwa ne ya taru a ciki, ɗaga shi sama ya miƙe ruwan ya koma tanki. In ka gama, rigar za ta yi ɗan danshi, bar ta a rataye minti biyar zuwa goma. A bazara kafin ka juya ta bushe, a damina sai an ƙara haƙuri. Wadda ta sa abaya da danshinta ta hau adaidaita, kafin ta isa gidan biki ta koma yadda take.

Abu biyu nake roƙon mata a kai. Kada a turara riga tana jikin mutum, ko da ɗan lungu ɗaya ne ya yamutse ana sauri. Ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi shiga fata. In tsautsayi ya afka, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, in ya tashi sosai a tafi likita. Na biyu, kada a zuba humra ko turare a tanki. Mai ne a cikinsu, zai toshe na'urar ya kuma ɗiga a kan farin mayafi. A gama da tururin ruwa, riga ta bushe, sannan a ɗora ta a kan turaren wuta yadda aka saba.

Kayan fata ba sa son tururi, haka duk abin da aka yi wa sitati. Hula ma haka. Abin dariya, kamfanin Jiffy na Amurka da ya yi suna a wannan sana'a tun 1940, da na'urar gyaran malafar Turawa ya fara. Tasu ta gashi ce, tururi ke tayar da ita. Tamu kuwa, kube ko zanna bukar, mai wankin hula ya sha mata sitati ya ɗora ta a kan gungumenta ta bushe a tsaye, kana nuna mata tururi za ta rusuna.

Ruwa, da abin da yake bari

Leƙa cikin butar da ake dafa shayi a gidanku. In akwai farin ɓawo a gindinta, irinsa ne zai taru a cikin sitima da dutse mai tururi, ya toshe ramuka, wata rana ya fito a matsayin farin gari ko jan ruwa a kan rigar Sallah. Ruwan rijiya da na burtsatse sun fi kawo shi, ruwan leda ma bai kuɓuta ba. Mafi kyau shi ne tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ko a gauraya shi rabi da rabi da na famfo. A yi hankali wajen saye: a shagon batir akwai ruwan asid ma, kuma kwalaben sun yi kama. A faɗa wa mai shago ƙarara cewa na guga ake so.

Kullum in an gama a zubar da ragowar ruwan. Wata-wata kuma, in takardar na'urar ba ta hana ba, a haɗa farin binegar da ruwa daidai wa daida, a kunna a waje har rabi ya ƙone, a kashe ta huce, a zubar, a sake kunnawa da ruwa zalla sau biyu don warin ya fita. Ƙasan dutse in ya yi baƙi, bari ya huce, ka kwaɓa bikarbonat da ruwa ka goge da tsumma. Mai rufin da ba ya mannewa, tsumma mai laima kawai, ban da soson ƙarfe. Na gawayi kuwa, barbaɗa gishiri a kan takarda ka murza shi a kai da ɗuminsa, sannan ka shafa ɗan kyandir ka goge, zai riƙa sulɓi.

Kayan jarirai a damina

Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu da ke yin ƙwai a kan ƙasa mai laima da kan tufafin da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, musamman masu warin fitsari ko gumi. In aka sa wa yaro, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige fata, wurin ya kumbura kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Maganin da likitoci suka daɗe suna faɗa shi ne a shanya a igiya cikin rana, a kuma goge da dutse mai zafi ciki da waje, har cikin ɗinki da lafi. A nan ba na dogara da sitima, domin wucewa take yi da sauri, kuma ba ta danna cikin ɗinki inda ƙwan ke ɓuya. Zanen goyo, ƙyallen jariri, kamfai, tawul, duk dutse.

A shagona yanzu uku ne a jere: dutsen lantarki mai nauyi, sitima ta tsaye a bayan ƙofa, da tsohon dutsen gawayi da na gada a ƙarƙashin tebur. In Sallah ta matso, tun saura kwana uku nake sa a gama gugar duk abin da aka ɗinka, in kuma sayi gawayi tiya biyu in ajiye, domin daren jajibiri kowa a gari dutsensa a jone yake, wuta kan yi ƙasa har fitilar dutse ta riƙa lumshewa. Yaron nan kuwa ya girma, shi ke riƙe da sitimar yanzu. Duk rigar da aka kawo, sai ya murza gefenta kusa da kunnensa tukuna. In ta yi amo, sai ya miƙo mini ita.